Shin hotona zai iya kare namun daji?

Tambaya: Na sayi kyamara mai dogon gilashi, kuma ina da sha'awar ɗaukar hotunan namun dajin sabana, irin su giwa, zaki da raƙumin dawa. Ina jin ana cewa hoto yana taimakawa wajen kare dabbobin nan. Gaskiya ne, ko daɗin baki ne kawai na masu harkar yawon buɗe ido? In gaskiya ne, ta ina zan fara?

Ɗan'uwa, gaskiya ne, amma ba kowane hoto ba. Na shafe shekaru tsakanin ɗaukar hoto a daji da zaman tantance hotunan da wasu suka ɗauko domin ƙidayar dabbobi, kuma abin da aikin ya koya mini shi ne, hoton da ya fi yi wa dabba amfani sau da yawa ba shi ne ya fi kyau ba. Zaki a kan dutse, rana na faɗuwa a bayansa, an ɗauki irinsa ba adadi. Hoton gefen fuskar wannan zakin kuwa, tar a fili, tare da ranar da aka ɗauka da wurin da aka gan shi, shi masu bincike ke nema ruwa a jallo. Bari in nuna maka dalili, domin in ka gane shi, sauran bayanin zai zo maka da sauƙi.

Ka buɗe hoton zaki a kwamfuta, ka faɗaɗa wajen bakinsa. A saman leɓensa za ka ga layuka na baƙaƙen ɗigo, inda gashin bakinsa ke tsirowa. Layin da ke can sama ɗigonsa kaɗan ne, kuma ba su da tsari: wani zakin biyu, wani huɗu, wani ɗaya tak. Idan ka auna inda kowane ɗigo ya faɗa da ɗigon layin da ke ƙarƙashinsa, za ka samu tsarin da ya bambanta wannan zakin da 'yan'uwansa, kuma ba ya sauyawa tun yana ɗan ƙarami har ya tsufa. Na gefen dama daban, na hagu daban, shi ya sa ake son hoton gefe biyu. Masu bincike biyu, Pennycuick da Rudnai, su suka bayyana wannan dabara a 1970, kuma har gobe da ita ake aiki. Geza takan ƙaru ta zube, tabo yakan warke, hanci yakan tashi daga ja-ja zuwa baƙi yayin da shekaru ke tafiya, amma ɗigon nan suna nan daram.

Me ya sa sanin zaki ɗaya-ɗaya yake da muhimmanci haka? Saboda ba a kare abin da ba a san yawansa ba. Binciken da aka wallafa a 2014 ya nuna cewa zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma gaba ɗaya kimanin 400 ne, manyansu ba su kai 250 ba, kuma a wurare huɗu kaɗai: Niokolo-Koba a Senegal, dazuzzukan W, Arli da Pendjari da suka haɗa Nijar, Burkina Faso da Benin, sai gandun Kainji da na Yankari a Najeriya. A irin wannan yanayi, bambanci tsakanin a ce an ga zaki sau biyar da a ce an ga zakuna biyar ba ƙarami ba ne. Hoto ne yake raba wannan gardama.

Haka abin yake ga sauran dabbobi, kowace da inda ake karanta ta. Giwa a kunne: yagewa, huji, tsarin jijiyoyi, sai kuma siffar haure. Da wannan mai binciken giwaye Iain Douglas-Hamilton ya yi aiki a Manyara ta Tanzaniya a shekarun 1960, da shi kuma Cynthia Moss ta fara bibiyar giwayen Amboseli a Kenya a 1972, aikin da ya kai ga sanin giwa da uwarta da kakarta. Raƙumin dawa a dabbare-dabbaren jikinsa. Raƙuman dawan Kure, kusa da Yamai a Nijar, sun ragu har zuwa 49 a 1996, daga baya suka haura 600, kuma da hotunan gefen jikinsu ake ƙidaya su ɗaya bayan ɗaya. Sanin su da aka yi ne ya ba da damar ɗibar takwas a 2018 a kai su gandun Gadabeji domin kafa sabon garke.

Misalin da ya fi dacewa da kai shi ne na jakin dawa samfurin Grevy a arewacin Kenya, wanda yawansa ya faɗo daga kimanin 15,000 a shekarun 1970 zuwa ƙasa da 3,000. A Janairun 2016 an gayyato jama'a, da ɗalibai da makiyaya da baƙi, aka raba musu yankuna, aka ce kowa ya ɗauki gefen dama na duk jakin dawan da ya gani, kwana biyu a jere. Gefen dama kaɗai, don kada a ƙirga dabba ɗaya sau biyu. Manhajar kwamfuta ta karanta ratsin jikinsu kamar zanen yatsa. Lissafin kuwa mai sauƙi ne. A misali, in an ɗauki dabbobi 100 ranar farko, aka ɗauki 100 a rana ta biyu, sai aka ga 50 daga cikinsu tun jiya an gan su, to ke nan jiya rabin garken aka gani, jimillarsu wajen 200 ce. Ta haka aka samu kimanin 2,350 a wannan shekarar, da kimanin 2,800 da aka maimaita a 2018. Mafi yawan waɗanda suka ɗauki hotunan ba ƙwararru ba ne. An dai gaya musu abin da ake buƙata, suka yi shi daidai.

To, abu na farko da za ka yi tun kafin ka shiga daji, ka daidaita agogon kyamararka, rana da sa'a. Ka san yadda za ka adana wurin da ka ɗauki kowane hoto, ko da na'urar nuna wuri ta cikin kyamara, ko da wayarka, ko da biro da ɗan littafi. Ka rubuta dabbobi nawa ne, maza nawa, mata nawa, akwai ƙanana ko babu. Hotuna masu kyau da yawa sun zo hannuna na ajiye su gefe, don kawai mai su ya kasa tuna ko a wace shekara ya ɗauka.

Amma wannan bayani na wuri wuƙa ce mai baki biyu, kuma ina so ka ɗauki maganar da muhimmanci. Wayoyi da kyamarori da yawa suna ɓoye ainihin wurin da aka ɗauki hoto a cikin hoton kansa. Masu farautar sata ma suna da intanet. Shi ya sa a gandun Kruger na Afirka ta Kudu aka daina nuna inda aka ga karkanda a allunan da baƙi ke dubawa. In ka ɗauki karkanda, ko toron giwa mai manyan haure, ko sheƙar tsuntsu mai wuyar samu, cikakken bayanin wurin na hukumar gandun ne da masu bincike. Wanda za ka saka a Facebook ko Instagram, ka goge bayanin wurin, ka jinkirta sakawa har sai ka bar yankin, ka kuma duba ko akwai dutse ko gada ko alamar hanya a bayan dabbar da za ta tona inda take. Dandalin iNaturalist, inda jama'a ke saka hotunan dabbobi da tsirrai da suka gani, yana ɓoye ainihin wurin dabbobin da ke cikin haɗari da kansa, amma kada ka dogara da manhaja a kan abin da za ka iya yi da hannunka.

Yanzu ga inda mafi yawanmu muke faɗuwa, wato halinmu a gaban dabba. An yi bincike a gandun Masai Mara na Kenya, aka wallafa a 2018, kan rabbi, siririyar damisar nan mai gudun tsiya da aka sani da cita. Uwar da ke zaune inda motocin baƙi ba su da yawa tana yaye 'ya'ya sama da biyu a kowace haihuwa. Wadda ke inda motoci suka yi cunkoso kuwa, matsakaicin abin da take yayewa 0.2 ne, wato sai an haɗa haihuwa biyar kafin ɗa ɗaya ya kai ga tsayawa da ƙafarsa. Da rana take farauta, lokacin da motoci ke yawo. A zagaye ta, barewar ta gudu, 'ya'yan su kwana da yunwa. Dabbar da a 2016 aka ƙiyasta duka-duka kimanin 7,100 suka rage a duniya ke nan, kuma kusan kowa a cikin motocin nan yana riƙe da kyamara yana cewa son ta yake yi.

Ni ma na taɓa yi. A farkon shekaruna mun samu zakanya da 'ya'ya uku ƙanana a cikin wani kwazazzabo, ciyawa ta tare mini fuskokinsu. Na matsa wa direba ya ƙara gaba kaɗan, tsawon mota ɗaya kawai. Injin na tashi ta ɗago kai, kunnuwanta suka kwanta, bindinta ya fara dukan ƙasa. Sai ta sunkuya ta ɗauki ɗaya a baki ta wuyansa, ƙafafunsa na reto, ta fita da shi fili cikin tsakar rana, ta bar biyu suna kuka a baya. Zakanya takan sauya wa 'ya'yanta maɓoya ko ba a dame ta ba, amma wannan karon ni na tashe ta, a lokacin da ba ta zaɓa ba, a wurin da kuraye ke yawo. Hoton ya fito da kyau, ban taɓa nuna wa kowa shi ba. Tun daga ranar na riƙe ƙa'ida ɗaya: in dabba ta bar abin da take yi saboda ni, na matso da yawa. In ta daina kiwo tana kallona, in ta miƙe daga kwanciya, in uwa ta shiga tsakanina da ɗanta, baya zan ja.

Giwa takan yi gargaɗi kafin ta yi aika-aika: ta ɗaga kai, ta baza kunnuwa, ta girgiza kai har ka ji kunnuwan sun yi ƙara. Toron da ka ga ruwa na tsiyaya daga gefen kansa tsakanin ido da kunne, fitsari na ɗiga ya jiƙa ƙafafunsa na baya, yana cikin lokacin zafin kai na barbara, ka ba shi hanya tun daga nesa. Kada ka tare hanyar garke zuwa ruwa. Kada ka sa direba ya bar hanya ya bi ciyawa inda doka ta hana, akwai tsuntsayen da a ƙasa suke ƙwai. Ban da yin fito ko buga jikin mota don dabba ta waiwayo, ban da jefa nama, ban da kunna kukan dabba a lasifika. Jirgi maras matuƙi kuma, gandun daji da yawa sun haramta shi sai da izini na musamman, kuma da hujja: ƙararsa tana firgita giwaye har ta kai a Tanzaniya an yi amfani da shi wajen korarsu daga gonaki. Mai jagoranka ya fi ka sanin dajin, da ɗan gari kan ci gari. Sai dai ka sani, sau da yawa yana karya doka ne don yana tsoron kada baƙonsa ya yi fushi. Ka gaya masa tun da safe cewa ba ka son a takura wa dabba dominka, za ka ga ya saki jiki.

Maganar kayan aiki ba ta da tsawo. Gilashi mai milimita 300 zuwa 600 ya isa, kuma amfaninsa na gaskiya shi ne ya bar ka a nesa. Ka ɗora shi a kan ɗan buhu da aka cika da tsaba ko yashi a tagar mota, a kashe injin, don karkarwarsa tana ɓata hoto. Dabba mai tafiya tana son saurin ƙiftawar kyamara ya kai 1/1000 na daƙiƙa, tsuntsu a sama 1/2000 ko fiye. Ka sa idon dabbar ya fito tar. Sa'o'i biyun farko bayan fitowar rana da na ƙarshe kafin faɗuwarta su ne lokacin aiki. Da rana ta take, zafin da ke tashi daga ƙasa yana sa iska rawa kamar kawalwalniya, duk tsadar gilashinka hoton nesa zai fito a dagule. Ƙura kuma abokiyar gaba ce, kada ka riƙa cire gilashi a fili. In dabba ta ba ka lokaci, fara da hotunan shaida, gefen dama, gefen hagu, fuska, kunne, sannan ka nemi na ƙawa.

Akwai kuma kyamarar tarko, wadda ake ɗaurawa a jikin itace ta riƙa ɗauka da kanta idan wani abu mai ɗumi ya gitta. A gandun Serengeti na Tanzaniya an kafa guda 225 daga 2010, cikin shekaru uku suka ɗauki jerin hotuna miliyan 1.2, mutane kusan 28,000 suka taya tantance su ta intanet daga gidajensu, aka gano nau'in dabbobi masu shayarwa 40. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ke da dabba a ciki, yawancin sauran ciyawa ce iska ke kaɗawa. Darasin ke nan ga mai kafawa: a share ciyawar gabanta, a fuskantar da ita kudu ko arewa don kada rana ta shiga idonta, a sa ta cikin akwatin ƙarfe saboda kura na tauna ta, giwa na fizge ta. Kada ka kafa ba tare da izinin hukumar gandun ba. Takan ɗauki mutane ma, mata masu itace da yara masu kiwo, kuma mutuncinsu amana ne a hannunka.

Sai hotunan da ba su da daɗin kallo, waɗanda a ganina sun fi kowanne nauyi. Na taɓa karɓar wani hoto dishi-dishi da baƙo ya ɗauka da waya, na wata matashiyar giwa a bakin ruwa. Da aka faɗaɗa shi sai ga siririn layi ya zagaye ƙafarta ta gaba, naman wajen ya kumbura ya rufe shi. Wayar tarko ce, irin wadda ake ɗana wa gada da gwanki. Yagewar kunnenta ta nuna ko wace ce, lokacin da ke jikin hoton ya nuna inda garkenta zai kasance, likitocin dabbobi suka same ta suka sa mata barci suka yanke wayar. Saboda haka in ka ga tarko, ko mushe, ko dabba mai rauni, ko sansanin mafarauta, ka ɗauka, ka riƙe wurin, ka kai wa jami'an gandun a ranar. Kada ka taɓa komai, kada ka bi sawun kowa. In kuwa ka ga ungulaye a mace a gefen mushe, wannan alamar guba ce, ka yi nesa ka kai rahoto da gaggawa. A Botswana a 2019 ungulaye 537 suka mutu a kan gawarwakin giwaye uku da aka sa wa guba, don masu satar haure ba sa son shawaginsu ya tona asiri. Ba kowa ke juya kyamara wajen ungulu ba, alhali tun 2015 nau'i huɗu na ungulayen Afirka suna cikin jerin mafiya kusa da ƙarewa.

Ban ce hoto mai taɓa zuciya ba shi da aiki ba. A Yulin 1989 Shugaban Kenya na lokacin, Daniel arap Moi, ya cinna wa tan 12 na hauren giwa wuta a Nairobi, hoton ya zaga duniya, a Oktoban shekarar aka haramta cinikin haure tsakanin ƙasashe. Ba hoton kaɗai ya yi ba, amma ya taimaka. A Maris 2018 mai ɗaukar hoto Ami Vitale ta ɗauki mai kula da Sudan, namiji na ƙarshe a farin karkanda na arewa, ya jingina goshinsa da kan dabbar gab da mutuwarta a gandun Ol Pejeta na Kenya. Miliyoyin mutane a ranar suka fara jin sunan wannan dabba. Ka lura, akwai mutum a cikin hoton. Sabana ba kango ba ce. Akwai manomin da giwaye suka tattake masa gona a dare ɗaya, akwai makiyayin da zaki ya kashe masa saniya, akwai mai gadin daji da ke kwana a jeji da tsohon takalmi. In ka yanke su daga hotunanka, rabin labari ka bayar, kuma su ne za su yanke hukuncin ko dabbar za ta rayu a gefensu. Ka nemi izini kafin ka ɗauke su, ka saurari abin da za su ce, ka rubuta shi yadda suka faɗa, in da hali ka mayar musu da hoton.

Ƙarfin hoto yana cikin yardar da aka yi da shi, don haka kada ka yi wasa da ita. Gyaran haske da yanke gefe ba laifi. Ƙara dabba, goge shinge, ko kiran dabbar gidan zu ta daji, wannan ƙarya ce. A 2018 an ƙwace wa wani mai hoto kyautar babbar gasar hotunan namun daji ta Landan, bayan masana sun tabbatar da cewa dabbar mai lasar gara da ya ce ya ɗauka da dare a wani gandu na Brazil cusasshiyar fata ce da aka ajiye don nuni. Yanzu da manhajoji ke ƙirƙirar hoto daga babu, ka riƙa adana asalin hotonka yadda ya fito daga kyamara, shi ne shaidarka.

Ta ina za ka fara? Ka zaɓi gandu ɗaya ka riƙa komawa, maimakon ka zaga goma sau ɗai-ɗai. Wanda ya ɗauki garke ɗaya shekara biyar a jere yana riƙe da tarihin haihuwa da mutuwa da babu wanda ke da shi. Ka je ofishin gandun ka tambayi sashen bincike ko wata ƙungiya da ke aiki a wurin abin da suke buƙata, domin wani wurin kunnen giwa ake nema, wani wurin kyarkeci, wani wurin hoton mashaya ɗaya a kowane wata don a ga yadda ruwa ke janyewa. Hotunan raƙumin dawa ana karɓarsu a GiraffeSpotter, tsuntsaye a eBird, sauran a iNaturalist. In za ka ba ƙungiya hoto kyauta, ku rubuta abin da aka yarda a yi da shi, haƙƙin mallaka ya zauna a hannunka. In kuma ka sayar ka ce wani kaso na kare daji ne, ka faɗi kashi nawa da wanda zai karɓa, ka kuma nuna rasit. Kafin tafiyarka ta farko, ka gwada hannunka a kan garken awaki ko shanu: ka ɗauki guda goma gefe biyu, ka rubuta alamomin kowace, ka dawo bayan mako ɗaya ka ga ko za ka iya gane su da hoto kaɗai.